Ranar Da Aka Ce Mu Ci Iya Cinmu

A gidajenmu na Taura abinci yana da iyakar da ido ke gani. Kwano ɗaya, yara biyar, kowa ya ci gabansa, nama kuma sai babba ya raba. In an yi saura, gobe da safe ya zama ɗumame, ko a miƙa wa almajirin da ke sallama a zaure. Da wannan tarbiyya muka tashi, shi ya sa da aka ce akwai gidan abincin da za ka biya kuɗi sau ɗaya ka yi ta ɗiba har ka gaji, muka ɗauka zolaya ce.

Mu goma sha biyu ne 'yan ƙungiyar tarihi ta makarantarmu da aka kai Kano ganin Gidan Makama. Wani tsohon ɗalibi, ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai sayo atamfa daga Guangzhou, shi ya ɗauki nauyin abincin rana a wani gidan abinci na Sinawa. Kafin mu zauna Malam ya je ya tambaya ko ana sa naman alade ko giya a girkin, domin dukansu sanannu ne a girkin Sin. Aka ce babu. Mai masaukinmu ya ƙara da cewa a can ma akwai miliyoyin Musulmi, irin su ƙabilar Hui, masu gidajen abincinsu na halal.

Tukwanen ƙarfe ne a jere, da ɗan wuta a ƙasan kowacce. Mai gidan abincin nan ba wawa ba ne. A farkon layi ya ajiye soyayyiyar shinkafa da taliya kala uku, masu arha da saurin cika ciki. Kaza da jatan lande suna can ƙarshe, inda za ka isa farantinka ya riga ya cika. Farantin kansa ƙarami ne, lemon kwalba kuma kuɗinsa daban. Malam ya raɗa mana: “Ku zaga ku gani tukuna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.” Muka zaga sau ɗaya hannu a aljihu, sannan muka fara daga ƙarshe.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ƙamshin ne. Wata baƙar miya mai gishiri da suke ɗigawa a kan kusan komai, ashe daga waken suya ake yin ta, a bar shi ya ruɓa wata da watanni; wato 'yar uwar daddawa ce da ta yi tafiya. Ga kuma riɗi an barbaɗa a kan kaza, ga mansa a cikin taliya. Riɗin da muke yanka da kaka, mu jingina shi ya bushe, mu kaɗe a kan tabarma, iyayenmu su kai Gujungu ko Maigatari a auna da mudu. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa sayen riɗi daga waje, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi noma shi. Wani a cikinmu ya ɗaga ƙwaya ɗaya da tsinken cin abincin nan nasu, da kyar, ya ce ko ta gonar babansa ce.

Doka ɗaya ce a wurin: ci nan, ba a fita da komai. A teburin da ke kusa da mu wasu sun tashi sun bar rabin faranti uku, muna kallo aka kwashe aka juye a bola. Su kansu Sinawa abin ya dame su, har a 2021 suka yi dokar da ta ba masu gidan abinci damar cajin wanda ya yi saura da yawa. Mu dai farantanmu tas suka koma, amma shiru ya ɗan sauka a teburin, domin kowa yana da ƙanne a gida da aka ce musu Yaya ya tafi birni, kuma ba a dawowa daga birni hannu rabbana. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta tambayi ma'aikacin ko za a ƙulle mata cinyar kaza ɗaya daga rabonta. Ya yi murmushi ya girgiza kai.

A tasha muka haɗa ɗan canjin da ke aljihunmu muka sayi gurasa da alkaki, motar ta kama hanyar Ringim.