Ni da Inna a Bakin Ruwan Yawuri

A Kumbashi ta zamanin ƙuruciyarmu, mace ba ta cewa za ta je hutu. Tafiya sai da dalili: biki, suna, ta'aziyya ko ganin gida. Shi ya sa da aurena ya matso, Inna ta ce wa Baba za mu Yelwan Yawuri sayo bandar kifi saboda 'yan biki, alhali kifi bai ƙare a kasuwar Kwantagora ba. Baba ya yi murmushi, ya ƙirgo kuɗin mota.

Ran Asabar muka sauka gidan wata ƙawarta, matar wani Basarke, a wata unguwar masunta da ke gefen gari. Da sassafe kwale-kwale suka fara dawowa, aka zube karfasa da tarwaɗa da kurungu a kan yashi, ga wata giwan ruwa da sai da ƙarti biyu suka cicciɓa. Matan suna farke cikin tarwaɗa, su lanƙwasa ta wutsiya ta haɗu da baki, su jera a kan waya, hayaƙi na turara ta har ta yi jawur. Mai masaukinmu ta nuna mana tsakiyar ruwa, ta ce kafin a kammala madatsar Kainji a 1968 akwai gungu a can da gonakin albasa. Ruwa ya cinye su, aka kwashe Gungawa zuwa tudu.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma doguwar hira da ni a gaban mutane. Amma nan babu surukai, babu kishiya, babu tukunyar da ke jiran ta. Muna zaune a gindin wani jirgi da aka kife, ta ɓare min gasasshen kifi da hannunta, tana ba ni labarin yadda aka kai ta ɗakin miji tana kuka, da abin da ta haɗiye, da wanda ta ƙi haɗiyewa.

“Ke 'yar nan,” in ji ta, “kowa zai ce miki haƙuri. Ki yi, amma ki riƙe sana'a. Mai abin hannunta ba ta haƙurin dole.”

“To, Inna.”

Da muka koma gida alkunya ta dawo daram. Sai dai cikin kayan ɗakina, a ƙasan wata samira, na tarar da kuɗi ƙulle a tsumma. Da su na fara sarin kifi daga Yawuri, kuma da wannan sana'ar na sa 'ya'yana makaranta.