Ba A Faɗin Ranar Tafiya

A garinmu Dauran yanzu ba a faɗin ranar tafiya. Mutum yana iya faɗin inda za shi, wani lokaci har da abin da zai kai shi, amma ranar tashi da motar da zai shiga sun zama sirri tsakaninsa da matarsa. Wata matar ma sai da asuba za ta ga maigida yana ɗaure jaka. Babu hakimin da ya kafa wannan doka, ba a kuma yi shelarta a masallacin Juma'a ba. A hankali ta shigo, har ta zauna daram kamar da ita muka gaji garin.

Ina koyarwa a Kano, kuma duk farkon shekara, da zarar jadawalin hutu ya fito, hirar ɗakin malamai takan koma ta tafiye-tafiye. Wannan zai kai iyalinsa Yankari su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Wancan yana tara kuɗin Umara a goman ƙarshe na azumi. Wata malama ta riga ta yanke cewa hutun Agusta a Jos za ta yi shi wajen yayarta, har ta faɗi ranar da za ta tashi da tashar da za ta shiga mota, kowa yana ji. Idan aka juyo kaina aka ce, "Malam, kai fa ina za ka bana?" sai in ce, "Sai yadda Allah ya yi." Suna dariya, suna cewa Bazamfare tsoron kambun baka yake yi. Nakan bar su a haka, don bayanin ya fi ƙarfin hutun rabin awa.

Abin da suke kira hutu, mu ganin gida muke ce masa. Mutumin karkara ba ya cewa zai tafi yawon buɗe ido. Kunya ma zai ji. Dole tafiya ta kasance da dalili: biki, suna, ta'aziyya, ziyarar malami, cin rani, ko kai amarya. Amma duk wanda ya taɓa shiga motar 'yan kai amarya ya san cewa buɗe idon yana nan ƙunshe a ciki, an dai lulluɓe shi da mayafin zumunci ne. Mata nawa ne suka fara ganin Gusau ko Katsina ta dalilin auren da ko amaryar ba su sani ba sosai?

Kuma a da, tafiyar mutum ɗaya ta unguwa ce gaba ɗaya. Ina yaro, idan babanmu zai je Kano, mako guda kafin ranar labari ya gama gari. Daga nan zaurenmu ya zama gidan waya. Wannan ta kawo ƙullin daddawa da kuka a kai wa ɗanta almajiri. Wancan ya kawo wasiƙar ajami, an naɗe ta an ɗaure da zare. Wata tsohuwa ta aiko da kwalbar man shanu, ta ce a bai wa jikarta mai jego, kuma kada a bari rana ta taɓa shi. Sannan ga masu sautu: turmin atamfa daga Kantin Kwari, littafi daga Kasuwar Kurmi, turaren wuta, allurar keken ɗinki, maganin ciwon ido. Babanmu ba ya rubutawa. Kuɗin kowa yakan ƙulle shi daban, ya san mai shi da irin ƙullin. Daren tafiya ya bi gida gida yana sallama, ana yafe wa juna, tsofaffi suna damƙa masa 'yan silalla su ce ya sha ruwa a hanya, shi da ya fi su abin hannu. Da safe kuma a rako shi bakin titi, a tsaya har motar ta ɓace.

Dattawan da suka girme shi kuwa labarin jirgin ƙasa suke bayarwa. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ta Zariya da Gusau, kuma nan ya tsaya. Don gyaɗa da auduga Turawa suka shimfiɗa shi, amma mutanenmu suka mai da shi ƙofar duniya. Wanda zai shiga jirgi sai ya kwana a Ƙaura, kuma kafin ya bar gida babu wanda bai san ranar ba, har da kuturun bakin kasuwa, don shi ma yana da addu'ar da zai bayar.

Faɗin ranar tafiya shi ne tsaron matafiyi a wancan lokaci. Idan an san yaushe ka tashi, an san yaushe ya kamata ka isa, in an ji shiru a bi sawu. Yau wannan sanin ne ake gudu.

Ɗan bindigar da ke cikin daji bai san wa ya sayar da shanu jiya ba. Bai san ɗan wane ne ke aikin albashi a birni ba, balle ranar da zai zo gaida uwarsa. Sai an faɗa masa. Mai faɗar kuma ba daga sama yake faɗowa ba. A tasha yake, ko a kasuwa, ko a majalisar shayi, kira ɗaya ya ishe shi. Kalmar infoma ta shiga bakin yara da tsofaffi, ta kuma yi ɓarnar da bindiga ba ta yi ba, don bindiga daga waje take zuwa, ita kuwa wannan a cikin gida take raba mutane. Ɗan kamasho ya tambaye ka, "Alhaji, yaushe za a koma?" Tambayar da ubansa ya yi wa ubanka shekara talatin babu komai. Sai ka ji gabanka ya faɗi. Wataƙila bawan Allah kujerar gaba yake so ya ajiye maka. Ka ce masa, "Ina nan tukuna," alhali jakarka na ɗaure.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A farkon Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk don a yanke tsakanin na daji da masu kai musu labari da kaya. A ƙauyuka an yi kusan wata uku babu waya. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su kira 'yan'uwa su ce muna raye. A watan Disamba na shekarar aka tare wata motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Wanda ke da dangi a hanyar Shinkafi da Isa bai manta wannan rana ba. Bayanta ne na lura hatta masu zuwa aikin Hajji daga yankinmu sun rage bin gidaje neman gafara. Kujerar Makka alamar kuɗi ce. Wani sai ya sauka a Madina ake jin ya tafi.

Innarmu ce ta fi kowa tsanani a kan wannan. Idan na kira na fara cewa ina son zuwa, sai ta tare ni.

"Kak ka hwaɗa min rana. Ban son sani."

"Inna, ai ke ce."

"Ni ɗin. Bakina na iya suɓucewa wurin awo. In na gane ka tsakar gida, na san ka zo."

Haka nake isa gidanmu kamar baƙon da ya ɓata hanya. Ba a yanka kaza ba, ba a dama furar tarba ba, sai abin da aka samu a tukunya. Nakan sa tsohuwar riga, in zuba tsaraba a buhun taki, in shiga Golf ɗin haya cikin mutane. Ba a tashi da sassafe, sai rana ta ɗaga an ga motocin farko sun wuce lafiya, kuma ana so la'asar ta riski mutum a cikin gari. Kwana biyu, uku in an daɗe. Komawar ta fi zuwan ciwo, don ba a sallama. Akwai gwaggona da ta yi shekara tana fushi da ni, wai na zo har garin na tafi ban ce mata sai wata rana ba. Ta san dalili sarai. Ita ma haka take sa 'ya'yanta su yi. Sanin dalili bai hana abin ya sosa mata rai ba, kuma ban ga laifinta ba.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da muke koya wa yara. An raine mu a kan cewa idan babba ya tambaye ka ka faɗi gaskiya. Yanzu ina zaunar da 'yata mai shekara tara ina ce mata, ko wa ya tambaye ki ina Baba ya tafi, ki ce ba ki sani ba. Ta ce, "Ko Malamar Islamiyya?" Na ce ko ita.

Zaɓen wurin zuwa ma ya sauya ma'auni. Abokan aikina suna duba kyan wuri da kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi ga kowa. Ni sai na ƙara da tambayar wace hanya, wane wata. Daga Kano hanya biyu ce zuwa gida. Akwai ta Katsina da Jibiya a ɓullo Zurmi, ita ce muka saba bi a da. Akwai ta Funtuwa da Tsafe da Gusau a hau ta Ƙaura. Wadda za a bi ba taswira ke faɗa ba, direbobi ke faɗa, su ma labarin jiya suke da shi. Wata kuma yana da nasa hukunci. Da damina, dawa ta yi tsawo, ciyawa ta rufe bakin titi, ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin. Wato dogon hutun makaranta, wanda a da shi ne lokacin da ake tura yara gida su koyi riƙon fartanya su ci ɗanyar gyaɗa, shi ne yanzu lokacin da ba a zuwa.

Ga kuma abin takaici. 'Ya'yana sun shiga Gidan Makama, sun hau Dutsen Dala, sun ga Hawan Daushe, an kai su Hasumiyar Gobarau a Katsina. Amma Dutsi, inda tarihi ya ce nan sarautar Zamfara ta fara, inda ake nuna dogayen kaburburan sarakunan farko, a ƙaramar hukumarmu ta Zurmi yake, kuma ba na ko tunanin kai su. Kabarin Namoda yana Ƙaura, mutumin da ya jagoranci jama'ar wannan yanki a yaƙin da ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808; muna wucewa ta garin gilashi a rufe, kowa na duban agogo. Dutsen Kwatarkwashi ta tagar mota suke ganinsa. Maraɗi, da ke nan kusa ta Jibiya, inda muke da dangin kaka, ita kuma siyasa ta shiga tsakani: bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, zumuncin da ya riga iyakar zuwa duniya ya koma saƙon murya. Yaro ya san tarihin garin wasu, na gidansu kuwa sai a baki.

Duk da haka na zauna na tsara shekarar, don rashin tsarawa ma wani nau'in sallamawa ne. Zan faɗa muku, tunda wurare kawai zan ambata.

Sallolin bana duka biyu sun faɗo kafin damina ta kankama. A ɗaya daga cikinsu zan je Dauran ni kaɗai. Dogon hutu a Kano za mu yi shi, in an samu sarari mu je Tiga yara su ga ruwa, mu dawo a ranar. Babbar tafiyar ta hunturu ce, bayan an kai amfanin gona gida. Ina so in kai iyali Gusau, a kawo Inna can gidan ƙanwarta, mu haɗu a tsakiya. Idan hanya ta yi kyau mu zarce Sakkwato tare, ta ziyarci Hubbaren Shehu, abin da take ambata tun rasuwar babanmu. Na san ita ma hanyar Tsafe ba a yin barci a kanta, kuma a nan ne muka saɓa da maiɗakina. Ita tana ganin a ɗauko Inna a kawo ta Kano gaba ɗaya, a huta da wannan lissafi. Mutum ɗaya ya bi hanya ya fi mutum shida. Maganarta tana da ƙarfi. Sai dai ta san surukarta. Inna ta ce ba za ta yi nisa da awakinta da kabarin mijinta fiye da tafiyar yini ba, kuma a Kano an kulle ta a bene kamar kurciya. Gusau ma da kyar ta yarda, sai da na haɗa ta da Kawu.

Mun tsaya a kan cewa ƙananan biyu za su zauna wajen kakarsu ta Kano, babbar ce za ta bi ni. Rabonta da Inna tun tana shekara huɗu. Muryarta kawai ta sani, da wani hoto da aka ɗauka a bikin ƙanina. Maiɗakina ba ta ce ta amince ba, ta dai ce Allah ya kai mu, kuma ta fara tambayar tela nawa zai ɗinka wa yarinya kala biyu.

Da na sanar da Inna, ba ta tambayi wata ba, balle rana. Cewa ta yi in zo mata da tabarau, na wancan karon ya tsage, kuma in auno ƙafar takwararta da zare in riƙe, don akwai mai ɗinkin takalmin fata a Gusau da ta sani tun tana amarya, tana so ta gani ko yana nan.