Kentaki, Jihar Da Ta Ƙi Ɗanta A Zaɓen 1860

Wanda ya shiga garin Hodgenville a jihar Kentaki ta Amurka zai rantse cewa mutanen wurin ba su taɓa ƙaunar kowa kamar Abraham Lincoln ba. Gunkinsa na zaune a tsakiyar gari, sunansa kuwa duk inda ka juya sai ka gan shi. A bayan gari, inda aka haife shi a 1809, na hau matakala 56, kowace ɗaya a madadin shekara guda ta rayuwarsa. A ƙarshensu akwai ƙasaitaccen gini na dutse, cikinsa wata 'yar bukkar katako ce mai ɗaki ɗaya, irin wadda iyayensa suka zauna a ciki.

Amma da ya nemi shugabancin ƙasa a 1860, jihar nan ba ta ba shi ko ƙuri'a ɗaya cikin ɗari ba: 1,364 kacal ya samu. John Bell, ɗan Tennessee, shi ya lashe jihar da ƙuri'u fiye da 66,000, ya kwashe wakilanta 12. Har ma John Breckinridge, mataimakin shugaban ƙasa kuma ɗan jihar, na biyu ya zo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayi sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Kentaki, ita kuwa jam'iyyar Lincoln ta dage cewa bauta ba za ta ƙara yaɗuwa zuwa sababbin yankuna ba. Sai dai kogin Ohio kaɗai ya raba jihar da jihohin Arewa, inda take da ciniki da dangi. In ƙasa ta tsage, a ƙofar gidansu za a yi yaƙin. Gaba kura, baya siyaki. Sai suka bi Bell, wanda bai yi alkawarin komai ba sai riƙe tsarin mulki da haɗin kan ƙasa.

Ga kuma yadda ake zaɓen. A Kentaki ta wancan zamani, mutum kan tsaya gaban malaman zaɓe ya faɗi zaɓinsa da baki, maƙwabta na ji, a rubuta. Ambaton Lincoln a gaban masu bayi sai mai ƙarfin hali.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Kentaki ba ta ɓalle ba, amma a 1864 ta sake ƙin Lincoln, ta zaɓi abokin takararsa George McClellan. Sai a 1909, shekara 44 bayan kashe Lincoln, aka aza harsashin ginin tunawa da shi a mahaifarsa.