Sirdin Baya



Ƙararrakin da ke zuwa zauren dattijon da muke yi wa rubutu yawancinsu na aure ne, ko bashi, ko iyakar fili. A watan jiya sai ga ƙara a kan babur, kuma mun ga ta cancanci a rubuta.

Babur ɗin Honda CG125 ne, samfurin da aka fara ƙerawa a 1975. Mai shi, wani Alhaji ɗan kasuwar goro, Allah Ya jiƙansa, ya saye shi tun Zongo na tsakiyar birnin Lome. Da aka rushe tsohuwar unguwar a 1977 aka mai da mu arewa, wajen Aguwe, wannan babur ya yi ta zirga-zirga da tabarmi da tukwane da tsofaffin da ba su iya tafiyar ƙasa. Muna yara a lokacin, amma mun gani da idonmu. Bayan rasuwar Alhaji ya shekara da shekaru jingine a zaure, tayoyinsa sun sace, tankinsa ya yi tsatsa.

Jikansa, wanda ya koyi kanikanci, ya gaje shi ta wajen mahaifinsa, ya ƙudura mai da shi irin wanda Turawa ke kira kafe-resa. Asalin abin daga Ingila ne, a shekarun 1950 da 1960, lokacin da samarin Landan ke taruwa a shagunan shayi irin su Ace Cafe, suna rage wa baburansu nauyi don su kai gudun mil 100 a sa'a. Sukan sauke kan babur ƙasa har mahayi ya kwanta a kan tanki, su cire duk abin da bai taimaka wa gudu, su bar sirdin mutum ɗaya mai tozo a baya.

Baffansa ne ya kawo ƙara, yana cewa za a yanka tarihin gidansu da zarto. Dattijo ya fara da hukunci: an raba gado, babur ya faɗa rabon uban yaron, daga nan ya zama nasa, ba mai ikon hana shi. Sannan ya ce wa yaron, "Ɗana, lissafa mana abin da za ka sauya."

Yaron ya lissafa, mu kuma muna rubutawa. Zai sabunta wayoyin wuta da batir, ya sa na'urar tayar da wuta ta zamani, da fitilar LED, da birkin faifai a gaba, da sabuwar salansa. Dattijo bai ce uffan ba, har ya yaba da birkin, domin duk mai bin babbar hanyar arewa a tsakanin manyan motoci ya san amfaninsa. Da aka zo kan yanke sirdin baya da cire matakan ƙafa, sai ya ɗaga hannu ya tambaya, "To, in ka tarar da baffanka a bakin hanya, ina zai zauna?"

Nan muka gane inda gizo ke saƙa. Zongo masaukin baƙi ne, sunansa ma daga zango ya samo asali. Abin hawa a wurinmu bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Ko a yajin aikin gama-gari na 1992 zuwa 1993, da motocin haya suka tsaya, sirdin baya ne ya riƙe Lome, daga nan sana'ar zemijan ta bunƙasa har ta ciyar da gidaje da yawa a cikinmu. Samarin Landan sun cire sirdin ne don bukatarsu ta tsere, mu kuwa bukatarmu dabam ce.

Yaron ya ce, "Baba, in na bar shi, abokaina za su ce ba kafe-resa ba ne." Dattijo ya ce su kira shi duk sunan da suka ga dama.

Ya yi kwana uku bai dawo ba, har mun ɗauka ya yi fushi. Daga baya muka ji ya ɗinka dogon sirdi shimfiɗaɗɗe na baƙar fata, ya bar matakan ƙafar kakansa yadda suke. Ranar Juma'ar da ta wuce shi ya kai baffan masallaci, baffan na ta mitar cewa salansar ta cika ƙara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya.