Ƙunci a Bakin Bature

Duk wanda ya taɓa zama da ƙamus yana fassara ya san akwai kalmomin da suke da sauƙi a ido, amma da ka kama su sai su zame maka kamar tarwaɗa. A darasinmu na fassara, wadda muka fi yin gardama a kanta ita ce "narrow". In hanya ce ko ƙofa, ba wata wahala, sai a ce matsattsiya ko tsukakkiya. To amma Bature bai tsaya nan ba. Tun ƙarni na 17 yake kiran mutum "narrow-minded", watau wanda ba ya sauraron ra'ayin kowa sai nasa. Yawancin 'yan ajinmu "mai ƙuntataccen tunani" suke rubutawa, har a rediyo ma nakan ji haka. Ni dai ban yarda wannan Hausa ce ba. Turanci ne aka sa wa babbar riga.

Ga dalilina. Bahaushe in ya ɗauko ƙunci daga ɗaki ya kai shi zuciya, baƙin ciki yake nufi, ko rashin abin hannu. Wanda ke cikin ƙunci abin tausayi ne, ba abin zargi ba. Shi kuwa mutumin da Bature ke magana a kansa, wataƙila ma yana cikin daula, kansa ne kawai a kulle.

Abin mamaki, shi ma Turancin yana da irin namu ƙuncin, sai dai ya ɓoye shi a cikin kalmomin aro. "Anguish", watau tsananin baƙin ciki, asalinta "angustia" ce ta Latin, ma'anarta kuwa matsi. Haka nan "strait", wadda ta shigo ta hanyar tsohon Faransanci. Da ita ake kiran mashigin teku, kamar na Jibralta da ya raba Maroko da Sifen, wanda faɗinsa kimanin kilomita 14 ne a inda ya fi tsukewa. Da ita kuma ake cewa mutum yana cikin "dire straits" idan talauci ya yi masa ƙawanya. A nan kam mu da su mun haɗu, ka fassara da ƙunci ko matsi ba wanda zai ɗaga maka gira.

Amma wadda na fi so duk cikinsu ita ce "hidebound". Tun asali dabba ake faɗa wa haka, saniyar da yunwa ta ramar har fata ta manne wa ƙashi. Wanda ya taɓa ganin shanu a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka, ba ya bukatar a yi masa bayani. Daga baya sai aka mai da kalmar kan mutumin da al'ada ta ɗaure har ba ya iya motsi. Kai, wanda ya fara yin wannan kwatance lalle ya san kiwo!

Sauran kuwa da ƙasa suke aunawa. "Parochial" daga sunan ƙaramar gundumar coci ta fito, "insular" kuma daga sunan tsibiri a Latin. Wannan ta biyun, a ganina, ta dace da mutanen da teku ta kewaye ƙasarsu. Mu da ba mu da teku, rijiya muka duba. Wanda bai san duniya ta wuce garinsu ba, kifin rijiya muke ce masa. Wanda ya ƙi jin magana, taurin kai gare shi. Wanda bai waye ba, duhun kai. Wanda ba ya hangen nesa, gajeren tunani. Ka ga ke nan mu da zurfi da tauri da duhu da tsawo muke auna kan mutum, ba da faɗi ba.

Saboda haka in "narrow-minded" ta sake fitowa a jarrabawa, sai na duba wane irin mutum ake nufi tukuna. In malam ya ja mini jan biro a kan kifin rijiya, zan bi shi har ofis mu yi ta.