Zango Ɗaya Ba Makaranta: Abin da Yarana Suka Koya a Cikin Birnin Kano

Uwargida, in kin taɓa zama da takardar kuɗin makaranta a hannu, kina lissafi lissafin yana ƙin fita, to ba sai na yi miki dogon bayani ba. Haka ta same mu a watan Satumban bara. Yara huɗu ne a gabana: nawa uku, da ɗan ƙanwata da ta rasu, wanda ya dawo hannuna tun yana shekara uku. Makarantar ta ƙara kuɗi, kasuwar maigidan ta yi sanyi, albashin aikin jinya kuwa kin san inda yake tsayawa. Na yara biyu kawai za mu iya biya. Ba wanda ya faɗa da baki, amma na san wanda za a fara cewa ya haƙura ya zauna a gida. Sai na ce duka su zauna, zango ɗaya, zuwa Janairu.

Hajiya, mahaifiyar maigidan, da ta ji ta ce, "Ke da rabin kwanakinki a asibiti kike kwana, yaushe kika zama malamar firamare?" Na yi shiru, don ba ta yi ƙarya ba. Na sayo ƙaramin allo da alli, na aro tsofaffin littattafai wajen maƙwabciya, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mako biyu muka yi a haka, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin bai yi ba. Ina dawowa daga aikin dare ido ya yi nauyi, babbar mai shekara 11 tana hamma, mai bi mata yana tsokanar Auta, Auta tana cin alli. Ɗan ƙanwata mai shekara 9 yana can gefen tabarma shiru. Dama an sha rubuto mini daga makaranta cewa ba ya magana a aji.

Wata safiya babbar tana karanta wani shafi a kan sana'o'in gargajiya, ta ɗago ta ce, "Umma, wai har yanzu ana rini a rami?" Na ce ana yi mana, a Ƙofar Mata. Ta ce, "Kin taɓa gani?" A Kano aka haife ni, na wuce ta gaban wurin nan ba adadi tun muna ɗalibai muna zirga-zirga wajen Asibitin Murtala, amma ƙafata ba ta taɓa shiga ba. Ranar hutuna ta gaba na cusa su a A Daidaita Sahu ɗaya muka nufi cikin gari.

In ba ki lura ba sai ki wuce ƙofar karofin, don hayaniyar titi ta kusa haɗiye ta. An rubuta 1498 a jikinta, shekarar da ake cewa an kafa wurin. Kina shiga sai fili mai ramuka birjik kamar bakunan rijiyoyi, kusa da kusa. Wari ne zai fara tarbar ki, irin na abin da ya daɗe a jiƙe yana tsami. Yaran suka toshe hanci, ni da na saba da ɗakin marasa lafiya ko a jikina. Abin da ya dame ni daban ne: ramukan suna da zurfi ƙwarai, kuma babu shinge. In kin je da ƙaramin yaro, ki riƙe hannunsa gam tun daga ƙofa. Da yawan ramukan sun bushe, wasu ƙasa da leda sun cike su. Kaɗan ne ke da ruwa.

A bakin ɗaya daga cikinsu muka tarar da wani dattijo, faratansa sun rine. Muka gaisa, na ce, "Baba, 'yan makaranta na kawo maka." Ya duba bayana ya ce, "To ina malamin nasu?" Na ce, "Ai kai ne." Ya yi dariya ya ce su matso amma kar su wuce inda ƙafarsa take. Auta ta nuna ruwan ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce, "Baba ne." Ta ce, "A'a, kai ne Baba." Sai da ya ɗauko mata busasshen ganyen baba a tafin hannu, ya nuna mata cewa shi ake zubawa da toka da ruwa a bar shi makonni kafin ramin ya nuna, sannan ta yarda, shi ma da kyar.

Ya ɗauki farin yadi ya tsoma, ya murza shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Duk muna jiran mu ga shuɗi, sai ga shi kore-kore kamar ruwan ganye. Ya baza shi a iska. Muna kallo, ba wanda ya taɓa shi, koren ya fara juyewa daga gefe-gefe har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Kowane tsomi launin yana ƙara duhu, kuma in aka yi ta yi har ya kai wanda marina ke kira baƙi.

A nan ne na ji muryar da ban saba ji a gaban baƙo ba. Ɗan ƙanwata ya ce, "Baba, in aka bar shi a ciki har gobe ba a fito da shi ba fa?" Dattijon ya dakata ya dube shi da kyau. Ya ce, "Yaro, tambayar marina ka yi. Ko kwana nawa zai yi, sai ya sha iska zai kama." Na juya kamar ina gyara mayafi.

Ga abin da ke faruwa, yadda na yi musu bayani a hanyar gida, ko za ki buƙata. Launin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Ƙananan halittun da ke sa ramin tsami, tare da kaifin toka, su ne ke juya shi ya narke ya shiga cikin zare, kuma a wannan halin ba shuɗi ba ne. Da ya haɗu da iskar da muke shaƙa sai ya koma asalinsa, ya maƙale a cikin zaren. Na ce musu ni ma ina ganin aikin iskar nan kullum: jinin da muke ɗiba daga jijiyar hannu duhu ne da shi, wanda ya fito daga huhu ya sha iska kuwa ja wur yake.

Kafin mu fita muka leƙa wajen masu bugu. Suna zaune gaban gungumen itace, suna dukan rinannen yadi da manyan tabare bi da bi, har ya kwanta ya yi ƙyalli. Mai bi wa babbar ya roƙa a ba shi ya gwada, ya ɗaga sau biyu ya ajiye.

Wannan makon duka a kan rini muka yi shi. Na yanka tsohon farin zanin gado gida huɗu. Kowa ya ɗaure nasa da zare, wani ya naɗe tsakuwa a ciki, wata ta ninka nata kamar mafici. Na ce kowa ya zana a takarda abin da yake tsammani zai fito, sannan muka mayar wa Baba ya rina mana, muka biya shi haƙƙinsa. Kar ki je ki cinye wa mutum safiya da tambayoyi ki tafi da "mun gode" kawai. Mutanen nan yadin kanti ya riga ya cinye musu kasuwa. Ranar kwance ɗauri ba wanda zanensa ya yi daidai da hasashensa, kuma gardamar dalili ta kai mu har magariba.

Akwai wani gwajin da ba ya buƙatar fita. Ki dafa zoɓo ba sukari, ki zuba a kofunan gilashi uku. Na farko ki matsa lemun tsami, zai ƙara ja. Na biyu ki ɗiga ruwan kanwa, zai yi duhu ya juya wajen kore. Na uku ki bar shi don kwatance. Irin wannan canjin launin ne muke karantawa a 'yar takardar gwajin fitsari a asibiti. Yara za su so su zuba duk abin da suka gani a gidan. Ki tsaya a kan kayan girki, ruwan wankin banɗaki da makamantansa su yi nisa da su.

Tafiya ta biyu Gidan Makama muka je, kusa da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15, kuma ana danganta shi da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta. Yanzu gidan tarihi ne. Mai yi mana jagora ya ce Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Sai babbar ta taɓa ni ta ce a hankali, "Umma, ashe a zamaninsa aka yi ramukan Baba." Ni ban ma haɗa ba. Mun ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da makamai, da hotunan bayan zuwan Turawa a 1903, lokacin da suka ci Kano Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Amma in gaya miki gaskiya, ginin kansa ya fi kayan da ke ciki jan hankalinsu. A waje rana tana dukan ka, a cikin soro sanyi kamar an kunna fanka. Na sa kowa ya ɗora tafinsa a bango, ya duba kaurinsa a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya ga yadda aka jera azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba.

Da muka dawo suka ce sai sun yi tubali. Muka samo jar ƙasa, suka kwaɓa, suka mulmula, suka shanya a ranar Oktoba. Kwana biyu duk suka tsattsage. Wani maƙwabcinmu tsohon magini ya leƙo ya ce, "Ina ciyawar?" Muka sake, rabi da yankakkiyar busasshiyar ciyawa, rabi babu. Da suka bushe aka riƙa sako su daga tsayi ɗaya ana rubuta wanda ya fashe. Tsakar gidana ta yi mako guda kamar kududdufi, maigidan ya yi ta tsallake yana ƙunƙuni.

Dutsen Dala muka bari sai Nuwamba, kuma shawarata ki je da sassafe, kafin hazo ya sauka sosai, in ba haka ba ki hau a banza. Ki tafi da ruwa da wani babba namiji cikin 'yan'uwa. Mu ƙanin maigidan ya raka mu. A gindin dutsen na koya musu jin bugun jini a wuyan hannu, kowa ya ƙirga nasa na minti ɗaya ya rubuta. Na ce su ƙirga matakala. Yara huɗu, lissafi huɗu, har yau ba a sasanta ba. A sama aka sake ƙirga bugu, kowa nasa ya haura, nawa ya fi na kowa, abin da suka daɗe suna yi mini dariya a kai.

Daga can birni yake a shimfiɗe: rufin kwano mai tsatsa iya ganinki, Goron Dutse a gefe, koriyar ƙubbar babban masallaci. Na ba su labarin da aka ba mu, cewa a nan mutanen farko suka zauna suna narka tama, da Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999, da jikansa Gijimasu da ya fara ginin ganuwa. Suka ce in nuna musu ganuwar. Na duba, na duba. Inda na san badala tun ina yarinya, gine-gine ne. A hanyar komawa sai da muka sa mai A Daidaita Sahu ya zagaya da mu kafin suka ga guntunta, ruwan sama ya zaizaye ta, awaki a kai.

Kar ki ɗauka komai ya tafi daidai. Lissafi bai samu shiga ba. Babbar tana da jarrabawar shiga sakandare a gabanta, ni kuwa na manta yadda ake raba ɓangarorin lamba, sai da na nemi wata ɗalibar kwalejin ilimi a layinmu tana zuwa sau uku a mako. Akwai ranakun da na dawo daga asibiti bayan mun rasa mara lafiya, na ja ƙofa na kwanta, ba a buɗe littafi ba. Kuma sun yi kewar abokansu, musamman da safe in 'yan layi suna wucewa da kayan makaranta. Auta takan tsaya a zaure tana kallo. Islamiyya ta yamma ce ta rage musu wannan.

A Janairu suka koma, su huɗu, wata makarantar da ta fi sauƙin kuɗi. Ɗan ƙanwata har yanzu ba mai surutu ba ne, amma malamarsu ta ce yana ɗaga hannu. Yadin da ya ɗaure, mai zagaye bakwai da ɗaya a karkace, Hajiya ta gan shi a kan igiya ta tambayi na wane ne. Aka gaya mata. Ta ninke shi ta sa a jaka ba ta ce komai ba. Da muka je gaishe ta da Sallah na gan shi a ɗakinta, ta rufe kwanon goronta da shi.