Tayoyin Motar Gudu A Kan Kwaltar Gumel



Mu samarin Gumel akwai mu da son mota, ko da yake yawancinmu babur ɗin ma na aro ne. In aka zauna hira da daddare sai ka ji an kawo sunayen motocin da ba mu taɓa gani ido da ido ba, ana musu a kan ƙarfin injinsu kamar da mu aka ƙera su. Abin da ba a cika ambata ba shi ne taya. Alhali duk girman mota da tsadarta, wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri birki yake kamawa, a kansa sitiyari yake juya mota, a kansa kuma rayukan mutanen da ke ciki suke tafiya.

Bana wani abokinmu da muka yi karatun difloma tare, wanda Allah ya buɗa masa a harkar riɗi da zoɓo, ya sayo BMW mai ƙofa biyu 'yar Kwatano. Mota ce ƙasa-ƙasa, mai faɗin ƙafa, wadda in ta tashi sai yara sun biyo ta da gudu. Mun yi mako guda muna zagaya ta muna yaba fenti da kujeru. Wani dattijo da ya daɗe yana jan mota tsakanin Gumel da Maigatari shi ne ya durƙusa ya shafa gefen tayar baya, ya ce, "Yarana, wannan takalmin ba na ƙasar nan ba ne, kuma ya tsufa." Muka ce, "Baba, ai zanenta yana nan daram." Ya ce mu dubi ƙananan tsagun da ke gefe, mu bar kallon zane.

Daga nan muka zauna karatun rubutun da ke jikin tayar, wanda kullum muke gani ba mu damu da shi ba. A tayoyin gaba an rubuta 225/40 R18, a na baya 255/35 R18. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tana nuna tsayin gefen taya, ana lissafa shi da kashi cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe kuwa girman rim ne da inci. In ka buga lissafi, robar da ke tsakanin rim da kwalta a wannan mota ba ta wuce milimita 90 ba. Golf ɗin da ke lodi a tasha mai taya 195/65 R15 tana da kusan milimita 127. Wannan bambanci shi ya sa motar gudu take shan kwana ba ta tangaɗi, domin gajeren gefe ba ya lanƙwasa. Shi ne kuma ya sa rami ɗaya ya isa ya matse robar a jikin rim, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga kumburi a gefe kamar ƙwai. Taya in ta yi wannan kumburi babu facin da zai gyara ta.

Bayan waɗannan lambobi akwai wata lamba da harafi, misali 91W. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615. Harafin yana nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Wani cikinmu ya yi dariya ya ce wa zai yi gudun 270 a hanyar Gagarawa, alhali dokar hukumar kiyaye haɗurra ta tsayar da ƙananan motoci a kan 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya? Gaskiyarsa. Sai dai harafin yana da wani amfani a wurinmu. Abin da ke kashe taya a lokacin gudu shi ne zafin da take tarawa a cikinta, saboda haka tayar da aka gina don ta jure gudu mai yawa an gina ta ne don ta jure zafi. Mu kuwa da muke ganin ma'aunin zafi ya haura 40 a watan Afrilu da Mayu, kwalta ta yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, juriyar zafi ita ce farkon abin da za mu nema. Akwai ma tayoyin da ake rubuta darajar jure zafinsu ƙarara da A ko B ko C, kuma A ce ta fi.

Abu biyu ne suka tabbatar da maganar Baba. Na farko, hoton wani ɗan dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiyarsa. Wannan shaidar tayar hunturu ce, wadda aka haɗa robarta da laushi don ta kama hanya a sanyin Turai. A kwaltarmu sai ta ƙara laushi, ta riƙa cinyewa da wuri, birki kuma ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Na biyu, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayoyin abokinmu sun nuna 4114, wato mako na 41 a shekarar 2014. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa. Masu kallon finafinan tseren mota za su tuna Paul Walker, wanda ya mutu ranar 30 ga Nuwamba 2013 a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin Porsche Carrera GT da abokinsa yake tuƙawa. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, amma sun kuma gano cewa tayoyin motar sun kai shekara tara, duk da motar ba ta yi wata tafiya mai yawa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasarmu tana cewa shekara huɗu daga ranar ƙira. Kamfani irin Michelin yana cewa a riƙa duba taya duk shekara in ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai taɓu ba. Ko da wane ma'auni aka auna, na abokinmu sun gama aiki.

To, a nan ne musu ya tashi, domin kuɗi ya shigo maganar. Wasunmu suka ce a je Kano a zaɓo tokumbo masu babban suna, wai tsohuwar Michelin ta fi sabuwar 'yar Chana. Wannan magana ta zama kamar karatu a bakin direbobinmu, kuma tana da asali: tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, kasuwa ta koma hannun kayan waje, mai kyau da marar kyau, mutane suka riƙe suna a matsayin shaida. Amma suna ba ya gaya maka tarihin taya. Ba ka san ramukan da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska ba. Shigo da tsofaffin tayoyi ma yana cikin abubuwan da kwastam ta haramta, don haka da yawansu ta ɓarauniyar hanya suke zuwa. Akwai masu cusa taya uku ko huɗu cikin juna don rage kuɗin dako, wayar da ke bakin taya ta lanƙwashe tun kafin a sauke kaya. Akwai masu bin tsohon zane da wuƙa su zurfafa shi, su shafa baƙin mai, taya ta yi sheƙi kamar amarya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan rariyar ana sayar da ita ne da sunan ƙwarya.

Mu dai ra'ayinmu, sabuwar taya mai matsakaicin suna, wadda ranar ƙirarta ba ta yi nisa ba kuma lambobinta suka dace da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ta fi tsohuwa komai girman sunanta. Ba mu manta da ranar 6 ga Maris 2016 ba, ranar da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta baya ta fashe. Motar minista ke nan, ina ga tamu.

Wasu kuma suka ce tun da motar gudu ce, a sa mata takalmin da ya dace da ita, irin su Michelin Pilot Sport ko Pirelli P Zero. Pirelli ɗin nan shi kaɗai yake ba motocin gasar Formula 1 taya tun 2011, saboda haka sunan yana da daɗin faɗa a majalisa. Irin waɗannan tayoyi robarsu tana manne wa kwalta, kuma amfanin mannewar a wurinmu yana wajen tsayawa. Duk wanda ya bi hanyar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya san abin da muke nufi. Ga manyan motoci maƙare da shanu, ga garken tumaki yana tsallakawa, ga raƙumi ya fito daga bayan mota ba sallama, ga yaro a kan amalanke. A irin wannan wuri taku biyar tsakanin inda mota ta tsaya da inda ya kamata ta tsaya shi ne bambancin a yi salati a wuce da a tara jama'a. Haka in damina ta sauka a Yuli da Agusta ruwa ya kwanta a kan hanya, zane mai zurfi ne yake kore ruwan, in ya sule mota sai ta hau kan ruwa sitiyari ya zama ado. Matsalar ita ce roba mai kamu saurin cinyewa take yi, kuma da aka faɗa mana kuɗin guda huɗu a Kano sai da muka tuna farashin bijimi a karar Maigatari.

Akwai wani abin da ba mu sani ba sai da muka buɗe but: motar ba ta da safaya, babu ma wurin ajiye ta. Irin wannan BMW an ƙera ta ne da tayoyi masu taurin gefe waɗanda ko iska ta fita za su iya kai ka kimanin kilomita 80, muddin ba ka wuce gudun 80 ba. A Jamus wannan dabara ce mai kyau, domin kafin ka cinye tazarar ka iso gareji. Daga Gumel zuwa Kano kuwa ya haura kilomita 100, kuma a Kano ne kawai kake da tabbacin samun madadinta. Mai facin bakin hanya da ƙarfensa da gudumarsa in ya ce zai ɓare irin wannan taya, rim ɗin ne zai ji jiki. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ke jiran duk wanda ya sauka daga kwalta zai shiga ƙauyukan Sule Tankarkar, in ma rairayi ya bar motar ta wuce. Ƙari a kan haka, tun da na gaba da na baya girmansu ba ɗaya ba ne, ba za a iya musanya su don su cinye daidai ba, na baya da injin yake turawa su za su riga ƙarewa.

Maganar iska ma ta ci mana dare guda. Direbobinmu da yawa suna rage iska in bazara ta yi, wai kada zafi ya kumbura taya ta fashe. Lamarin a juye yake. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi shi yake haifar da zafi har roba ta rabu da wayar ciki. A watan Agusta 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurran da aka yi ta samu da motar Ford Explorer. Yawancinsu a jihohi masu zafi suka faru, kuma tun kafin nan an ga irin matsalar a Saudiyya da Benezuwela. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da iska: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Wannan ɗan bambanci ne manyan kamfanoni suka yi rigima a kai, mu kuwa a nan wani mai facin bugun taya yake yi da ƙarfe ya saurari ƙara ya ce ta yi. Wani kuma ya ɗura maka 50 don kada ka dawo da wuri. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Da muka je Kano, dillalin da muka samu ya so ya tura mana tokumbo, yana cewa, "Samari, wannan giredin farko ce, ko wata shida ba ta yi a ƙasa ba." Abokinmu ya juya tayar ya karanta masa lambobin nan huɗu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe da malamai nake ciniki," ya shiga ciki ya fito da sababbi.

Abin da aka tsayar a ƙarshe bai gamsar da masu son ado ba. An sauke rim mai inci 18 an sa mai 17, aka ɗaura 225/45 R17 a duk ƙafafun huɗu, sababbi 'yan Koriya masu harafin W da darajar zafi A, ƙirar bara. Tsayin gefe ya koma kusan milimita 101, tsayin tayar gaba ɗaya kuma bai canza ba sai da ɗan abin da ba a lura da shi, saboda haka agogon gudu bai rikice ba. An sayi ta biyar da jak, ita ce yanzu ta cinye rabin but, har mahaifiyarsa tana tsokanarsa cewa ya sayi motar da ba ta ɗaukar buhun gero. Ya kuma sayi ɗan geji ya ajiye a aljihun mota. Wasu cikinmu har yau suna cewa an rage wa motar kwarjini, kuma in ka tsaya daga nesa ka kalle ta, ba ƙarya suka yi ba.

Tsofaffin tayoyin kuwa, tun a Kano aka taya su, domin zanensu yana nan kuma akwai mai saye. Abokinmu ya ɗauko su ya dawo da su gida. Baba ya sa aka kawo wuƙa aka farke gefen kowace ɗaya a gabansa, sannan aka kewaye 'yan itatuwan darbejiya huɗu da aka dasa a ƙofar gidansu da su saboda awaki.